Butar da Inna ta karɓe

Jiya jikata ta tsaya a kanti tana zaɓa wa jaririnta kofi mai ɗan baki. Ni kuwa sai na bar wurin.

Farkon zamanin 'yancin kai, a Kalfu, zazzaɓi ya ƙafar mini da nono ina goyon ɗana na fari. Uwar mijina ta koma yi mashi ɗura da madarar akuya: ta toshe mashi hanci, ta zuba, shi ko yana ta ƙwarewa.

Wata Buzuwa maƙwabciyarmu ta ara mini 'yar butar shayi. Na zuba madarar ciki, yaron ya kama bakin butar, ya sha a hankali, ko tari bai yi ba.

Na ce wa uwar mijina, "Inna, duba, shina sha da kainai."

Ta karɓe butar. "Ɗan fari kika yi wa wagga rawar jiki? Ina kunyarki?"

Aka koma ɗura. Tari ya kama ƙirjinshi, bai ga damina ba. Ko kuka ba a bari na yi a fili ba.

Don kunya, ban taɓa kiran sunanshi ba. Sunanshi Hamidu.

Ku fa, me kunya ta taɓa ƙwace maku?