Rumbun Ɓera a Motar Alhaji

'Yan uwa, yau na ga ikon Allah!

Motar maigidana, wadda yake kai alhazai ziyara, sau biyu tana faɗuwa fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, saboda baƙin hayaƙi. Ba takardar fahas, ba aiki. Da safe ya tayar da ita, na leƙo na ce, "Alhaji, wani abu na kaɗawa kamar caki!"

Ya ce, "Ke dai da kunnenki!"

Bayan azahar sai ga shi, hula cike da ƙwallayen dabino! Wai wani makanike Balarabe a unguwar Sultana ya buɗe gidan filtar iska, ya ce, "Ya Latif! Ya ammi," wato kawu, "dabino kake ba motar?" Ashe ɓera ne ya yi rumbu, injin ya kasa numfashi. Aka zazzage, mota ta ci fahas!

Wallahi ƙwallayen da nake jiƙa wa awakina ne. Ni kuwa kullum in sun ɓace ina zargin akuyar maƙwabta!