Kiran da Idirisu Ya Amsa a Kwazazzabo

Jama'a, wallahi wannan abu a gabana ya faru, lokacin ina tuƙin motar wata gonar dabino a Awali, wata unguwa a Madina, can wajen ƙarshen shekarun casa'in. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na ɗauki abokina Idirisu, mutumin Chadi mai ɗinki a unguwar Anbariyya, muka fita bayan Madina shan iska, muna ta tafiya har muka kai wani kufai a kan dutse, gidajen duwatsu duk rufinsu ya rufta, a ƙasa kuma ga kwazazzabo mai zurfi wanda in ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka.

Muna tsaye a bakinsa, rana tsaka fa, sai muka ji muryar tsohuwa daga ƙasa, da Hausa tsantsa: "Ɗanlami! Ɗanlami!"

Idirisu ya damƙe hannuna. Ya ce muryar innarsa ce, ita kaɗai ke kiransa haka don ba ta faɗin sunansa, kuma tana can gida da ranta, ya daɗe bai gan ta ba. Dukkanmu mun san ba a amsa kira a daji. Amma ni, Allah Ya yafe mini, dariya na yi, na ce, "Yalla, maza ya shehu, uwarka na kira kana tsaye? Amsa mana, matsoraci!"

Ya ce, "Na'am, Inna."

Ko amsa-kuwwa dutsen bai mayar ba.

Tun daga ranar ɗinki ya gagare shi, sai ya zauna ya karkata kunne wajen duwatsu. Aka yi ruƙiyya, aka sha zamzam, a banza. Ƙarshe 'yan uwa suka kawo tsohuwar da kanta Umra, ko ganinta zai dawo da shi. Ina ɗakin ta shigo tana dogara sanda, ta kama fuskarsa tana kuka, ta ce, "Ɗanlami, ga ni."

Ya dube ta tsaf, ya cire hannunta, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Innata tana can ƙasa tana jirana."

Haka baiwar Allah ta koma gida. Shi kuma wata rana ya bar shago a buɗe, takalmansa kawai muka tsinta a bakin kwazazzabon, an jera su kamar a ƙofar ɗaki.

Don Allah, in kun ji harshenku inda babu mutane, ku kama bakinku. Ni yanzu ko matata ce ta kira ni daga tsakar gida, sai na ga fuskarta nake amsawa.