'Yan Tulu, Jiragen Yaƙin Kaka Ige

Kakata Ige ba ta taɓa shiga ko kwalekwale ba, amma ita ce ta ƙera jiragen yaƙin sararin samaniya har guda bakwai, kuma duk a kan idona aka yi. Mahaifiyar babanmu ce, maginiyar tukwane a Kebbe. A shekarar da aka tura babanmu, wanda yake soja, yaƙi a wata ƙasa can bakin teku, sai aka kwaso mu daga bariki aka kawo mu gidanta, ni da mahaifiyata da yayana Sani. Wasiƙa biyu Baba ya aiko, daga nan muka ji shiru. Ba mai faɗa a fili, amma duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida sai kowa ya saki abin da yake yi.

Sani ne ya jawo maganar jiragen. Ya bi kawunmu Tambuwal ranar kasuwa, ya saci jiki ya shiga gidan kallo, ya dawo yana ba mu labarin jiragen da ke yaƙi a tsakanin taurari. Lokacin ɗari ne, muna bakin wuta bayan magariba, Kaka tana cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi don aikin gobe. Ta bar shi ya gama cika bakinsa.

"To, su waɗanga mutane, ina su ka dafa tuwo?"

Sani ya ce ba a nuna ba.

"In mai ya ƙare masu can bisa, wa ka maido su gida?"

Wannan ma ba a nuna ba.

"To, wanda yag gina jirgin ga bai da ɗa ciki," in ji ta. Ta gutsuri yumɓu ta fara murzawa.

'Yan Tulu ta kira su, don haka suke: ciki babba, wuya siriri, bindiga ɗaya tak a baki. A cewarta, jirgin da ya cika bindigogi neman faɗa zai riƙa yi. Maƙeran wani gari da ke bayan tauraruwar Zara ne suka yi su, don su kori ɓarayin da ke sace musu hasken rana har gero ya ƙi nuna. Cikin kowane jirgi kashi biyu ne. Ɗaya na man tafiya, ɗaya na man komowa gida, an rufe shi da makulli.

Jirgi na farko, kwamanda ne ya riƙe makullin. Ya fatattaki ɓarayi, zuciya ta ɗebe shi, ya buɗe man komowa ya bi su. Ya ci yaƙi, amma har yau yana can yana gantali, ta ma nuna mana shi, wani ɗan tauraro saitin rumbunmu. Daga na biyu aka miƙa makullin ga tsohuwa mai girki, wadda ba ta jin tsawar kowa. Na uku a wutar gashin tukwanen Kaka ya tsage, don ta yi rowar ƙaiƙayi, amma ko a jikinta. Ta ce kusa da rana jirgin ya matsa, shi ya sa maƙera suka ninka kaurin na huɗu. Na biyar bai harba ko harsashi ɗaya ba, ɓarayin da suka ji rauni ya kwasa ya kai wa iyayensu, sarkin garin maƙeran ya yi fushi har ya gaji.

Kowace yamma in ta gama ginin sai ta ɗaga shi ta ce, "Mi yar rage ma jirgin ga?" Mu kuwa mu yi ta kawo namu. Sani kullum bindiga yake nema, kullum kuma akuya take ƙara masa, wai don sojoji su sami nono.

Ranar da ta gina na shida na kasa haƙuri. Shekarata tara.

"Kaka, shi Baba wa ya riƙe nasa makullin?"

Mahaifiyata ta tashi ta shige ɗaki. Kaka ta ajiye yumɓun ta ce, "Hannuna bai kai can, Hadiza. Allah nika roƙo Shi riƙe mashi." Daga ranar ta daina tatsuniyar, kuma na ji ba daɗi ƙwarai, don na san ni na jawo.

Baba ya dawo bayan damina ta biyu, a bayan babur daga Tambuwal, ba inda ya gutsure a jikinsa. Sai dai ba ya magana. Zai yi salla, ya koma tabarmarsa jikin zana, in an gaishe shi ya ɗaga hannu. Dangi sun tambaye shi abin da ke damunsa har sun haƙura. Ni kam haushinsa na ji. Na yi ta jiransa, ga shi a tsakar gida, kuma har yanzu jiransa nake yi.

Da ɗari ya sake shigowa, Kaka ta hura wuta, amma wannan karon kusa da zana. Ta gina na bakwai, ta zayyana komai tun daga makulli har akuya, ta ɗaga shi ta yi tambayarta. Sani ya nemi bindigarsa. Ni na ce taga.

"Inna," muka ji daga bayanmu. Muryar Baba ce, a dishe. "Ba ki yi masu wurin kuka ba. Ɗaki guda kowa ka kwana. In mutum ya ga abin da yag gani, babu inda za shi juya baya."

Kaka ba ta ko waiga ba. Ta danna babban yatsanta a gefen ɗanyen yumɓun, ya lotsa.

"Wanga ya isa?"

"Ƙara kaɗan."

Ta ƙara. Sannan ta ce da ni da Sani mu je maƙwabta mu aro itace, alhali ga itace jibge a bayanta. Muna fita na ji kukan babana, ban taɓa jin sa ba sai ranar.

Yanzu ina koyarwa a Tambuwal, Kaka ta daɗe da rasuwa, jiragen duk sun farfashe. Da can na ɗauka darasin shi ne mutum ya rage abin komowa gida. Sai da na girma na gane cewa komowar ba a ƙofar gida take ƙarewa ba, kuma sauran tafiyar mutanen gida ne suke taya mutum. Baba bai taɓa gaya mana abin da ya gani ba, amma a hankali magana ta dawo masa, da damina ta sauka ya ɗauki fartanya ya bi kawu gona. Kowa ya tambaye shi abin da ke damunsa bai amsa ba. Uwarsa kaɗai ta san cewa in aka tambaye shi abin da jirgi ya rasa, zai iya faɗa.