Batula a Kan Sikelin Taki

Batula 'yar Rawayau ce, kuma tun tana yarinya mutane ke fara maganar jikinta kafin su tambayi sunanta. Shekara bakwai ta yi a wata ƙungiya da ke raba wa mata manoma iri da taki daga Dutsin-Ma. Ita kaɗai ke jin Fulatanci a ofishin, amma aikinta bai wuce tsaron ƙofar sito ba. Hotonta kuwa na bango, ƙato, an rubuta a ƙasansa: "Nan kowa namu ne."

Da aka nemi jami'ar da za ta riƙa zagaya rugagen Barkiya, ta ce tana so. Shugabansu, Malam Zaharaddin, ya yi murmushi.

"Hajiya Batula, tausayinki nake ji. Hanyar daji ce, babur ɗin Sabitu mai kai mana kaya ba zai ɗauke ki ba."

Ranar lodi, gaban kowa, ta cire takalmi ta hau sikelin da ake auna buhuna.

"Malam Sabitu, karanta."

"Haba, Hajiya!"

"Karanta, ai ba tuwon gidanka na ci ba."

"Kilo casa'in da shida."

"Taki nawa kake ɗaura wa babur?"

"Buhu biyu. Kilo ɗari." Ya sunkuyar da kai.

Malam Zaharaddin ya kira ta gefe, ya rage murya. "Ba babur ba ne. Masu ba mu tallafi kan bi mu ƙauye. Su gan ki tsaye cikin matan da suka rame, me za su ce? Cewa za su yi mu ke cinye kayan."

Batula ta saki baki tana kallonsa. Duk shekarun nan ta ɗauka ƙarfinta ake shakka. Ashe ɓoye ta ake yi.

"To hoton fa, Malam?"

"Wannan ai na ofis ne. A nan suna son ganin haka."

Ta sa takalminta, ta shiga ofis, ta ɓalle hoton ta naɗe a hammata, ta fice. Aka ba wata siririya aikin, wadda ko gaisuwar Fulatanci ba ta iya ba.

Yanzu Batula na sayar da iri a kasuwar Kurfi, matan Barkiya na cika gabanta. A kan hoton take baza hajarta, fuskar a kife.