Launin Dabbar da Allah Yake So

Shekara biyu da yi mini baftisma 'yata ta kwanta zazzaɓi har ta daina gane mutane. Na yi addu'a kwana uku, a na huɗu na ɗauki jan zakara na bi bayan gidanmu zuwa gindin tsamiyar da kakannina ke yi wa iskoki yanka, na yanka. Yarinya ta tashi. Ni kuma sai na kasa shiga majami'a, don na san abin da na yi, kuma na san Wanda ya gani.

Mu da muka tashi a addinin gargajiya mun san yadda ake ba da haƙuri. Kowane iska da dabbarsa, wani baƙin bunsuru, wani farar tunkiya, in ka kuskure launi ka yi asarar banza. Saboda haka abin da ya tsaya mini a rai shi ne: Allah fa, wane launi yake so?

Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa har ƙauyukanmu na wajen Tafoki, kowa sai rediyo da kwanon rufi. Na sayar da audugata, na nufi kasuwar Sheme da niyyar sayen dabbar da ta isa. Na yini ina zagaya awaki kamar mai neman wadda ta ɓace masa. Wani dillali ya gaji da ni, ya ce, "Malam, na suna ne ko na biki?" Na ce ban sani ba tukuna. Ya dube ni sama da ƙasa, ya koma wajen masu hankali.

Na dawo na sami mahaifina, wanda har ya rasu bai bar tsamiya ba. Ba iskan da bai san abincinsa ba.

"Baba, Allah mi aka yanka mishi?"

Ya yi dariya. "Allah? Mu ba mu taɓa yi mishi yanka ba. Shi ya yi nisa. Tahi ka tambayi malaminku, tunda ku kun ce kun san gidanshi."

Mai bisharar garinmu dattijo ne marar gaggawa. Na same shi yana sassaƙa ƙotar fartanya, na zayyana masa komai, na ƙare da tambayata. Ya ce ba launi, ba dabba, an riga an yi yankan a kan gicciye. Nawa kawai in tuba, in faɗi gaskiya gaban jama'a.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ga kamar an raina ni. Ina magidanci, da rumbuna biyu, a ce in je neman gafara hannu rabbana? Na ce ko ɗan tsako ne a bari in kawo. Ya ce in ina son kyauta in yi wata rana, amma ba a kan wannan ba.

Ran Lahadi na miƙe a gaba, na rasa inda zan sa hannuwana. Na faɗi zakara, na faɗi tsamiya. Na tsaya ina jiran tara, ba wanda ya ambace ta. Dattawa suka yi mini addu'a, wata tsohuwa ta gusa ta ba ni wuri a benci, aka ci gaba da waƙa. Kunya da daɗi suka haɗu mini, na yi kuka kamar ba namiji ba.

Da na koma gida Baba na zaune a ƙofa yana jira, shi ma abin ya dame shi.

"Mi Allah ya amsa?"

"Bai amshi komi ba, Baba."

"Ko gashin kaza?"

"Ko shi."

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, "To ka kiyaye. Wanda bai amshi dabba ba, kai ɗin yaka so."