Yadda Maitama Ya Kai San Huɗa Fim

A Gozaki in ka ce Maitama, za a ce wanne? In ka ce Uban Jarumi kuwa, kowa zai nuna maka gidan. Manomin masara ne, siriri, mai yawan gyaran murya. Jarumin kuma ba ɗansa ba ne, san huɗarsa ne, wani baƙi mai karyayyen ƙaho.

Wata shekara da rani ne Raufu, Bayerabe haifaffen Funtuwa, ya zo garin ɗaukar fim ɗin barkwanci na wani gida da ba ya rabo da faɗa. Ana cikin ɗaukar rigimar maigida da surukarsa sai san ya tsinke igiya, ya shigo, ya cafke malafar maigidan ya hau tauna. Raufu bai cire wurin ba. Fim ya fita, ya bi wayoyi daga Malumfashi har Danja, ba abin da ake maimaitawa sai sa da malafa.

Tun daga nan Maitama ya bar zancen taki a majalisa, ya koma "mu 'yan harka".

Damina ta yi nisa, masara na jiran huɗa, sai ga Raufu yana son aron san don kashi na biyu. Shanun huɗa kuwa biyu-biyu suke aiki, in ka ɗauke ɗaya, ɗayan ya zama ɗan zaman kashe wando.

Matarsa Hansai ta ce, "Malam, ciyawa ta kai wa masara gwiwa. Wa zai ja garmar, ni?"

"Ke ba ki san harka ba. Wannan karon har ni za a nuna."

"To, Allah ya sa fim na tuƙuwa a yi tuwo."

A Funtuwa Jarumi ya ƙi malafa fafur. Aka shafa mata kanwa, aka barbaɗa dusa, ya kwanta yana tuƙa abinsa. Kafin a samu abin da ake so, ciyawa ta gama da gonar Gozaki.

Bayan kaka fim ya fito. Maitama ya sa babbar riga, ya kwashi majalisa zuwa gidan kallo. Gaskiya hoto ya fi na farko fitowa tar, surukar nan kuma bakinta na nan da kaifinsa, an yi mata dariya. Sauran duk ɗumame ne: faɗan jiya, zagin jiya, an dai ƙara tsawo. Da aka zo wurin malafa, ga sa yana kau da kai, ga wani hannu daga gefe yana cusa masa ita a baki. Ko mutum ɗaya bai dara ba.

"Ga hannuna can!" in ji Maitama, ya miƙe tsaye.

Iyakar abin da aka nuna nasa ke nan, kuma a nan ne gidan kallo ya fashe da dariya.

Ya koma gida, ya wuce rumbun da ko rabi bai kai ba. Hansai ta ajiye masa akushi. Ya buɗe, sai ga wata tsohuwar malafa a nannaɗe.

"Bismilla, Malam. Abin da kuka noma ke nan bana, kai da Jarumi."