Ranar da Bala Ya Riga Umaru

Ina zaune a ofishin wani Alhaji mai injin casar shinkafa a nan Hadejia, yana tsaye a kaina yana kallon allon kwamfuta. Ban yi jami'a ba, a shagon gyaran waya na koya wa kaina aikin kwamfuta, amma ni aka kira.

Saba uku gare shi, wato kwamfutocin da ke riƙe da bayanan rassansa, kowace da sunan ɗansa mai kula da reshen. Na rubuta tamfilet, wato ɗan tsarin umarni ga kwamfuta, da zai ɗauki kowane suna ya mai da shi adireshin intanet. Ya jero su bisa haruffa: bala, musa, umaru.

Alhaji ya ɗora yatsa. "Malam, Bala ai auta ne. Ya aka yi ya riga Umaru?"

"Ranka ya daɗe, harafi ne kawai."

"Harafi bai san gidana ba. In Umaru ya gani, cewa zai yi na zaɓi magajin injin. Yaran nan da ƙyar suke gaisawa."

Na ce, "Alhaji, na farko shi duk aiki ke faɗa wa. Sauran sai in ya gaza."

"To ba Umaru ne babba ba? Ya ɗauka."

Na goge kalma ɗaya, wadda ke sa a jera bisa haruffa, sunayen suka bi yadda Alhaji ya faɗe su, Umaru ya koma gaba. Tun ranar sabarsa ce ke zafi don yawan aiki, shi kuma ya fi kowa fara'a.

'Yan sana'armu, ku ma kuna tambayar wa ya girmi wa kafin ku jera?